Ranar Da Na Toshe Bakin Gura

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke cikin kan nan nawa, da wata safiyar Asabar a Gashuwa da aka miƙo mini biro da farin ƙyalle a gaban taron ɗaurin aure, aka ce in yi zane. Biro ne shuɗi, irin wanda 'yan makaranta ke tauna murfinsa. Amma wallahi da garwashi aka zuba mini a tafin hannu da na fi samun sauƙin riƙewa.

Bari in faro daga inda ƙaryar ta faro, domin ta girmi ɗan da na je aurarwa a ranar.

A Katuzu aka haife ni. Mu Bade ne, uwa da uba. Babanmu yana noma a fadama, in ruwa ya cika kuma ya koma kamun kifi. Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yansa maza: Yaya Adamu, sai ni da ake kira Auta. Aji huɗu na yi a firamare (na huɗun ma ban ƙarasa ba), aka kai ni Nguru wurin wani mai sayar da huluna in koyi kasuwa. A makon farko na buɗe baki na gaida wani mai saye, sai rumfar gaba ɗaya ta fashe da dariya. Suka ce Hausata ƙarnin kifi take yi. Wani ya yi wata guda yana kwaikwayon maganata. Yanzu na san ba mugunta ba ce, a kasuwa kowa da abin da ake tsokanarsa da shi, Babarbare da Bafillace ma kullum suna kai. Amma ni sai na ɗauka na ajiye a zuciya. Na bi harshena na goge kamar mai goge tukunya, har ya zama in ina magana sai ka rantse a Kano aka yanke mini cibiya. Da na buɗe rumfa tawa, duk baƙon da ya tambaye ni asali sai in ce, "Ai mu kakanmu daga Kano ya zo, fatauci ya kawo shi." (A lokacin ko tashar motar Kano ban taɓa gani ba.)

Abin da ya ɗaga ni a sana'a wani zane ne guda ɗaya. Ga wanda bai san aikin hula ba, kafin mata su ɗinka sai mai zane ya fitar da fasalin a kan farin ƙyalle da biro, su kuma su bi layinsa da allura da zare. Yaya Adamu yana da hannu tun muna yara, ko a rairayi ya ja layi sai ka tsaya kallo. Wata shekara ya aiko mini da ƙyalle ɗaya a motar a-kori-kura, ya ce in gwada. Layukan sun sarƙe da juna kamar saƙa, sun zagaye hular duka, amma a wuri guda ba su haɗe ba, sun lanƙwasa ciki sun bar wani ɗan baki. Ina gani na gane. Gura ce, kwandon kama kifin da babanmu ke saƙawa, bakin nan kuma shi ne inda kifi ke shiga ya kasa fita.

Hular ta karɓu fiye da yadda na zata. Sai aka fara tambaya: wa ya zana, mene ne sunanta? Ni da na yi shekaru ina wanke ƙarnin kifi daga bakina, ta yaya zan ce kwandon kifi ne mutane ke ɗorawa a ka? Na ce ni na zana. Na ce sunanta Ƙofar Birni, kuma daga adon bangon gidan kakanmu na Kano na ɗauko ta. Har sunan ya bi ni, ana ce mini Alhaji Mai Ƙofar Birni. Wasu masu zanen sun yi ta kwaikwayo, ba ta taɓa zauna musu daidai ba, ni kuwa sai in girgiza kai in ce, "Baiwa ce, ba a koyonta. Ni ko rula ba na sawa." Na ware wani ɗan ɗaki a bayan rumfa na ce nan nake aiki, ba a shiga. (Tabarma ce da buta a ciki. Barcin rana nake yi.)

Shekara talatin Yaya yana zane a Katuzu, ni ina karɓar yabo a Nguru. Ya sani sarai. Sau ɗaya kawai ya taɓa ɗaga maganar, ranar wata sallah da na leƙa gida a gurguje.

"Auta, na ji gurar Baba ta zama ƙofar birni."

Na ce, "Yaya, harkar kasuwa ce."

Ya ce, "To, Allah ya ba da kasuwa." Bai ƙara ba.

Da ɗana Nasiru ya isa aure, ya ga wata yarinya a Gashuwa, Rukayya. Gidansu 'yan kasuwa ne, kuma su kam da gaske daga Kano kakanninsu suka zo. Waliyyinta wan mahaifinta ne, Alhaji Sammani, mai harkar hatsi. Mutum ne da ba ya maimaita magana. Kowa a garin ya san ya taɓa mayar wa wasu kayan aurensu ana saura kwana uku biki, don ya kama su da ƙarya guda ɗaya a kan sana'ar yaron. Ranar da muka je neman aure ya tambaye ni asali, na zuba masa labarin Kano kamar karatu. Ya ce, "Wace unguwa?" Na ce, "Can cikin gari, wajen kasuwa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a kawo ruwa. Ni kuwa na fito ina ganin na haye.

Sai ga matsala. A wurinmu uba ba ya karɓa wa ɗansa aure da bakinsa, wan uba ko ƙanin uba ne ke zama a gaban liman ya karɓa. Ni kuma wana ɗaya ne a duniya, kuma in ya buɗe baki ko kurma ya san daga bakin fadama ya fito. Daga Katuzu zuwa Gashuwa kuwa ba wata tafiya ba ce a babur. Na roƙi maƙwabcina na kasuwa, Alhaji Ɗanlami, ya zama wakilin ango. Na gaya wa surukai cewa 'yan'uwana maza duk sun ƙare. Na aika wa Yaya cewa kada ya wahalar da kansa, za mu kawo masa amarya har gida ta gaishe shi.

Uwargidana Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka binne Yaya da baki yana raye? Ka ji tsoron Allah."

Na ce mata mata ba su san lissafin maza ba. (Ta tuna mini wannan maganar daga baya, kuma har yau ba ta gama tuna mini ba.)

Abin da ban sani ba, Nasiru ya hau babur da kansa ya je ya gayyato baffansa.

Ranar ɗaurin aure aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Sammani, aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru wa manya, ga lasifika. Ni ina sahun gaba, babbar riga ta sha sitati, Ƙofar Birni sabuwa fil a kaina. Aka ce liman ya tsaya wata jana'iza, a ɗan yi haƙuri. Muna cikin gaisawa da mutane sai na hango babur ya tsaya a bakin layi. Wani dogon tsoho ya sauko, da shuɗiyar riga da wanki ya cinye, ya sauke ɗan buhu daga bayan babur ɗin. Yaya Adamu ne.

Na tashi da sauri na tare shi tun kafin ya iso rumfar.

"Yaya, sannu da zuwa," na faɗa ƙasa-ƙasa, ina waige. "Zo, ga inuwa can."

Inuwar da na kai shi ita ce ƙarshen tabarma, inda ake tuɓe takalma. Ya zauna, ya jingina buhunsa (busasshen kifi ne ya kawo wa amarya, ƙamshinsa kuwa bai ɓoyu ba). Ina juyowa wani daga dangin amarya ya tambaye ni ko wane ne.

Na ce, "Wani mutumina ne. Shi ke kula mini da gona a Katuzu."

Ban yi ƙasa da murya yadda ya kamata ba. Na ga Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara zaman takalmin wani.

Ban daɗe da komawa kujerata ba Alhaji Sammani ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da farin ƙyalle a ninke, da biro.

"Mai Ƙofar Birni, tunda liman bai iso ba, bari mu ci moriyar zaman. Shekara ashirin ina sa hularka, ban taɓa ganin hannunka yana aiki ba. Zana mana ɗaya a nan. Zan ba da a ɗinka a ajiye. In Allah ya ba su rabo, yaron ya girma ya sa, a ce masa kakansa ne ya zana ranar auren iyayensa."

Jama'a suka ɗauka da "Masha Allah!" Wani ya ce, "Kai, wannan tunani ya yi."

Na yi dariyar da ni kaina ban san daga ina ta fito ba. Na ce, "Alhaji, ai na baro tabarau a Nguru."

Kafin in rufe baki an miƙo mini tabarau uku.

Na ce, "Kuma aikin yana son rula."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Haba Alhaji, kai da ba ka sa rula!" Ɗan kasuwarmu ne, ya zo taya ni murna. (Allah ya saka masa.)

Aka juye goro daga wani faffaɗan tire, aka kifa mini shi a cinya, aka shimfiɗa ƙyallen a kai. Samari suka zagaye ni da wayoyi a sama. Na dubi bakin layi ko liman zai ɓullo, babu shi babu alamarsa. A raina ina cewa, shekara talatin kana kallon zanen nan, kullum yana hannunka, ai ko jaki ne ya haddace. Na yi bisimilla na ɗora biro.

Na fara daga gefe. Layin farko ya tafi kamar hanyar tururuwa. Na biyu ya hau kansa. Na yi ƙoƙarin sarƙa su, suka ƙi sarƙuwa, sai suka zama kamar kajin gida sun yi tonon ƙasa. Gumi ya ɗigo daga goshina ya faɗi a kan tawadar, ta baje. Na goge da babban yatsa, ta ƙara bajewa. Ina jin ƙarar janareta daga can wani gida, da numfashin Alhaji Ɗanlami a kunnena. Na ci gaba don ban san yadda ake tsayawa ba. Da na zagayo inda na fara, bakin layukan biyu suka ƙi haɗuwa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Sai na ja wasu layuka uku masu kauri na haɗe su da ƙarfin tsiya, na toshe wurin ruf. Na ajiye biro.

Wani dattijo mai kirki ya leƙo ya ce, "Sabon fasali ne, ko?"

Alhaji Sammani ya cire hular kansa, ya ajiye a gefen ƙyallen, ya juya ta har ɗan bakin nan ya fuskance ni.

"Alhaji, ina ƙofar?"

Na ce, "Ai ka san ƙofar birni wani lokaci ana rufe ta."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, ta tausayi. Shi ko murmushi bai yi ba. Na dubi bayansa na ga Nasiru a tsaye cikin abokansa, farar shaddarsa tana ƙyalli, idonsa a kaina. Na san abin da yake gani. Yana ganin kayan da aka mayar wa wancan gidan ana saura kwana uku.

Sai wata murya ta taso daga wajen takalma, a hankali, da irin Hausar da na yi shekaru ina gudu.

"Auta, ka toshe bakin. Kifin ta ina zai shiga?"

Kawuna duk suka juya.

"Daga bakin ake farawa," in ji Yaya, kamar mu biyu ne kawai a tsakar gida. "Baba ma daga bakin yake fara saƙa. In ka bar shi sai ƙarshe ba zai zauna ba."

Na tabbata bai yi niyya ba. Hannunsa ne ya kasa jure ganin aikin a lalace, bakinsa ya riga shi.

Alhaji Sammani ya ce, "Malam, matso nan."

Yaya ya taso, mutane suna ba shi hanya. Bai hau kujera ba. Ya zauna a tabarma, ya karɓi ƙyallen ya juya bayansa, ya ɗora a gwiwa. Ya fara da layi biyu ƙanana masu lanƙwasa ciki, sannan ya bi dama, ya dawo ya bi hagu, hannun nan da kaftu ya fasa yana tafiya kamar ba a ƙyalle yake ba. Wayoyin da ke kaina duk suka koma kansa. Kafin a gama shan ruwan leda ɗaya, ga zanen nan a kwance, daidai da hular da ke gefe, har ya fi ta.

Alhaji Sammani ya juyo gare ni.

"Wannan bawan Allah, mene ne shi a wurinka?"

In na ce mai gona, na ƙara ƙarya a gaban wanda ba ya yafe ta, kuma kowa ya ji an kira ni Auta. In na faɗi gaskiya, na rushe duk abin da na gaya masa da bakina a zaurensa. Ko ta ina na duba auren ɗana nake gani yana zamewa.

Yaya ne ya riga ni amsawa. Ya mayar wa biron murfinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mai kula masa da gona ne."

Wannan ita ce ta kashe ni. Na ajiye shi wajen takalma, na binne shi yana raye, ga shi kuma yana ɗaukar ƙaryata yana yafawa don ya rufa mini asiri. Na zame daga kujera na sauko tabarma, tiren ya faɗi yana ƙara.

Na ce, "Wana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Mu Bade ne, 'yan Katuzu, ba mu da kowa a Kano. Zanen nasa ne, gurar babanmu ce ta kamun kifi. Ni ban taɓa zana ko ɗaya ba, kun dai gani."

Na sunkuyar da kai ina jiran a ce a kwashe goro.

Alhaji Sammani ya ɗauki hularsa ya mayar a ka, ya gyara mata zama.

"Alhaji, ka zaci za mu ba da 'ya ba mu yi bincike ba? Tun kafin a sa rana na aika Katuzu. An nuna wa mutumina gidan ubanku, har gurar da ke rataye a zaure ya gani. Ba wanda ya faɗi aibin gidanku, ko mutum ɗaya. Yaronka kuma bai ɓoye wa 'yarmu komai ba. Kai nake jira. Na ce wa kaina, mutumin da zai iya ajiye wansa wajen takalma, ina zai ajiye 'yata ranar da ta yi abin da bai so ba? Da liman ya iso wanka yana can zaune, wallahi yau ba a ɗaura ba."

Ya dubi Alhaji Ɗanlami. "Alhaji, mun gode da zumunci. Amma mai kujerar ya zo."

Ɗanlami ya miƙe da sauri kamar kujerar na da wuta. Daidai nan motar liman ta shigo layin. (Da ya yi saurin minti goma, da na cuci ɗana. Ban taɓa yi wa wanda ban sani ba addu'a kamar mamacin da ya tsayar da shi ba.)

Yaya Adamu ne ya karɓa wa Nasiru aure. Aka kanga masa lasifika a baki, Hausarsa ta Katuzu ta fita har bakin titi, kowace kalma da ƙarnin kifinta. Na kasa kunne ina jiran dariya. Ba wanda ya yi. Amin kawai ake cewa.

Bayan an shafa fatiha na ja shi gefe, na fara haɗa kalmomin neman gafara. Bai bari na yi nisa ba.

"Auta, ka ɓata wa mutane ƙyalle. Je ka ɗauko buhun can kafin a tattake shi, na amarya ne."

Na je na ɗauko, da babbar rigata da komai, na ratsa taron da shi a kafaɗa.

Da na koma Nguru hoton ya riga ni isa, a kowace waya. Na yi kwana huɗu ban fita ba. Ranar da na fita, wani tsohon ɗan layinmu, wanda tun ina yaro yake kasuwar, ya tare ni yana dariya har da hawaye.

Na ce masa, "Kai ma ka ji ko?"

Ya ce, "In ji me? Ni ne fa na yi wata guda ina kwaikwayonka lokacin da aka kawo ka! Duk tsofaffin layin nan mun sani. Mun ga kana jin daɗin labarin Kanon ne, muka ƙyale ka."

Shekara talatin ina gadin ɗakin da kowa ya san abin da ke ciki.

Na canza wa hular suna, ta koma Bakin Gura, kuma duk mai saye ina gaya masa wanda ya zana. Ba ta rage kasuwa ba ko kaɗan. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne wannan: duk tsawon shekarun nan ban taɓa tura mai koyo ko ɗaya wurin Yaya ba, don kada asirina ya tonu. Da na farga idonsa ya fara rauni. Bai kai shekara uku ba Allah ya karɓi abinsa. Masu zane suna yi yanzu, suna farawa daga bakin kamar yadda ya faɗa, amma ni da na san na ainihin na san ba ta kai ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Alhaji Sammani kuwa ya cika alkawari, ya ba da ƙyallen aka ɗinka ta gefen da Yaya ya zana, aka ajiye wa jika. Sai dai ya hana a sa mata shafi a ciki. In ka kifa hular za ka ga nawa aikin a can, da tabon gumi da layukan nan uku masu kauri.

Ga abin da na koya, ga duk mai bukata: in har sai ka ƙirƙiro wa kanka kaka a Kano, to kada ka je neman aure a garin da babur zai iya kawo wanka kafin liman ya iso. In kuwa ya zo, ka ba shi kujera tun ba a miƙo maka biro ba.